Tsinuwar Gidan Calavio

Erminio Calavio yana cikin jera kujeru a zauren magajin gari, matarsa Nunziata ta jawo shi gefe.

"Ermì, kwat ɗin nan ta aurenmu ce, maɓallin zai tashi ya tsone wa wani ido. Kuma wa ka bar wa shago?"

"Yau ba ranar sayar da cuku ba ce," in ji shi.

Tun yana saurayi yake gaya wa duk mai saye cewa shi jinin Kalaviis ne, manyan da suka riƙe garinsu Capua tun Rumawa ba su san hanyar garin ba, lokacin da ake magana da harshen Oska. Gaetano, surukin magajin gari, shi ya fi kowa yi masa dariya, yana cewa kakansa dai ɓauna yake kiwo. Sai ga masu haƙa ramin famfo sun tono wani ɗan fallen dalma a bayan shagon, da rubutu a jiki. Erminio ya roƙi majalisa ta sa wa titin shagon sunan gidansu, aka ce a bari masana su karanta tukuna.

Da zaure ya cika, Dakta Ilaria daga jami'a ta miƙe don ta karanta rubutun.

"Sunan yana nan," ta ce. "Pakis Kalaviis."

Erminio ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Amma kama da suna ba hujja ba ce ta jini. Sannan wannan ba yabo ba ne, tsinuwa ce irin wadda ake binnewa a kabari." Ta bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu. "Pakis Kalaviis, da ya cinye mini gona, harshensa ya bushe, abinci ya ƙi shi, shi da zuriyarsa."

Dariya ta ɓarke. Nunziata ta yi alamar gicciye. Erminio ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Gaetano kuwa har da buga tebur.

"Ashe abin gado ne! Shi ya sa sikelinka ba ya cika, Erminio. Wallahi Dakta ki daina wahala, wannan jikansa ne, ko makaho ya shafa ya sani!"

Erminio ya ɗago kai a hankali.

"Me ka ce, Gaetà?"

"Na ce ɓarawon nan kakanka ne!"

"A gaban magajin gari ka faɗa?"

"A gaban kowa ma!"

Erminio ya juya wajen magatakardan majalisa. "A rubuta, don Allah. Da sunansa." Sannan ya dubi Dakta. "Sunan gidan su Gaetano fa, yana ciki?"

"Babu."

"Ko a gefe?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Allah sarki," ya ce. "Ko mai zaginsu ba su samu ba."

A hanyar gida Nunziata ta riƙe hannunsa.

"Zuriya fa aka ce, Ermì. Har da yaranmu. Gobe mu je coci wurin Fada ya yi addu'a a karya tsinuwar."

Erminio ya tsaya cak a tsakiyar titi.

"A karya? Ki bar ta yadda take. In ta daina binmu, da me za mu nuna mu ne zuriyarsa?"