Faranti Biyu a Rufin Malam Hambali

"Baban Rahma, injin ya sake tsayawa!" Iya Kubra ta ƙwala mini kira ta kan katanga.

Na shiga ko takalmi babu. Mijinta Malam Hambali, maƙwabcina na shekara talatin, yana jingine da matashi, robar iska a hancinsa, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Injin da ke ba shi iskar numfashi tun da aka sallamo shi daga asibiti ya yi tsit. Hadari ya rufe Kadawa tun hantsi.

Laifina ne. Ranar da aka kawo injin, Abednego mai haɗa sola ya duba bayansa ya ce, "Baba, wat ɗari uku da hamsin yake ci, ba hutu. Sai farantin sola shida da manyan batura. Abin da aka rubuta a jikin faranti na tsakar ranar bazara ne. Da damina ko rabi ba ka samu."

Na yi masa dariya. "Faranti biyu ke ja mini ruwa daga kanal su shayar da gona guda. Hancin mutum ɗaya ne zai gagare su?"

Na ciro nawa daga gona muka ɗora a rufi, da ɗan batirin cajin waya. Da dare kuma janareta ke jan injin. Da safiyar ranar nan ma ni na ce a kai janaretan Bunkure gyara, rana ai farantaina za su riƙe. Na manta famfon gona in rana ta dushe rage gudu kawai yake yi, tumatir ya jira gobe, amma numfashi ba ya jira.

Na hau tsani ina goge farantin da hulata, kamar ƙura ce matsalar. Ruwa ya sauko. Na kira mai gyara, ya ce ya kwance janaretan bai haɗa ba, kuma hanya ta cika da ruwa. Wallahi ban taɓa jin hannuwana ba su da amfani irin na ranar ba.

"Hashimu, sauko haka nan," na jiyo muryar Malam da ƙyar. "Shinkafarmu... tana son ruwan nan."

Na zauna na riƙe hannunsa, Iya Kubra na yi masa fifita. Kafin la'asar ya cika.

Washegari da hantsi muna zaman makoki a zaure, rana ta fito fes. Sai muka ji ƙugi daga ɗakinsa. Ashe ba wanda ya tuna ya kashe injin. Na leƙa. Robar na kan tabarma, iskarta na kaɗa gefen zanen gado.