Shinkafar Tsohuwa da Murjanin Likita

Shekara tara na yi ina renon murjanin nan a tankin ruwan gishiri a bayan gidanmu da ke garin Negombo. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba ranar da na samo shi, ya girma har ya yi faɗin faranti, rassansa launin shunayya. Sai Likita Senaka, mai cirar haƙori, ya gan shi ya nace. Na sayar masa da sharaɗin ni zan riƙa zuwa duk Talata ina duba tankin kifayensa. Har yau ina jin haushin kaina.

Murjani ba dutse ba ne, rai gare shi, kuma ba ya son ruwa mai datti. Abincin da ya ruɓe a tanki shi ke haifar da sinadarin da ake kira fosfet. In fosfet ya yi yawa, gansakuka ta rufe komai, murjani ya dushe. Gwajin ba wuya: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, gwargwadon shuɗin da ya yi gwargwadon dattin. Na Likita kullum kamar an jiƙa shuni.

Na ce masa akwai abin da ke shiga ruwan nan, mu nemo shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tuna mini shi ya yi jami'a. Ya je Colombo ya sayo ruwan lantanam, maganin da ke kama fosfet ya dunƙule shi, matatar ruwan tankin ta tsince. Maganin yana aiki, ban musa ba, amma ɗigo-ɗigo ake sa shi, a bakin matatar, cikin haƙuri. Shi kuwa Likita da sirinjin asibitinsa yake aunawa, yana karanto mini lambobi ni da na shekara goma sha tara hannuna a ruwan gishiri. Ya zuba, shuɗin ya ragu, kwana uku ya dawo, sai ya ƙara awo.

Wata Talata na zo da hantsi maimakon la'asar. A falo na tarar da mahaifiyarsa, Kusumawathi, tana ɗauke shinkafa da madarar kwakwa da ta ajiye gaban siffar Buddha tun asuba. Abincin hadaya irin wannan ba a ci, ba a zubarwa a shara, dabbobi ake ba wa. Da can hankaki take kai wa a tsakar gida. Tunda gwiwa ta hana ta sauka bene, sai ta sami makusanta. Ina kallo ta ɗaga murfin tankin ta juye kwanon kaf, tana yi wa kifayen addu'a.

Na sauka asibitin da ke ƙasan benen wajen Likita a guje, har ina murna na gano bakin zaren. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na sani, Dilrukshi," ya ce. "Wata biyar ke nan."

"To ka yi mata magana mana."

"In ce wa uwata ta daina neman lada? Ke dai ba ki da ta ido. Abin da magani zai gyara, me ya kai ni?"

Mutumin da ke danne ƙato a kujera ya tumɓuke masa haƙori, shi ne ke tsoron jimla ɗaya gaban tsohuwa mai sanda. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in tada mata hankali, in ba haka ba in manta hanyar gidan. Na yi shiru saboda murjanin. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar cikar wata, da yake babbar ranar ibada ce, hadayar ta ninka, Likita ma ya ninka maganinsa. Da yake yana sauri, bai bi ta matatar ba, ya tsiyaya maganin kai tsaye a tsakiyar tanki. Da suka kira ni, ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifaye biyu suna kwance a ƙasa, naman murjanin kuma yana saɓulewa daga rassan. Ya miƙo mini kwalbar gwaji, tas, babu ɗigon shuɗi, wai in ga dai lissafinsa bai yi kuskure ba.

Na ajiye kwalbar. Tsohuwar ce ta dogaro sanda ta zo ta tambayi me ya sami furen dutsen. Na faɗa mata komai, a gabansa, cikin minti ɗaya.

"Shi ke nan?" ta ce. "Ai da na ajiye a bakin taga, hankaki na hawowa."

Ta matsa kusa da gilashin, ta daɗe tana kallon farin ƙashin da ya rage. Wannan mata shekara saba'in da shida ko sauro ba ta taɓa kashewa da gangan ba. Ta juyo wajen ɗanta.

"Senaka, ashe mai rai ne?"