Usur Ɗin Saje Mu'azu

Saje Mu'azu ya yashe kwatar layinsu a Gyaɗi-Gyaɗi shekara ashirin da bakwai, ya rasu saura wata guda soja su miƙa mulki. Tun ranar ba wanda ya taɓa shebur. Kwata ta cika da leda da ɓawon rake.

Ranar sadakar arba'in ta faɗo Asabar. Da safe Magaji, tsohon direba, maƙwabcin marigayi, yana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai Uwani matar Saje ta yi masa magana daga bayan labulen soro, don tana takaba.

"Malam Magaji, ka ga hadarin jiya?"

"Na gani, Hajiya."

"In ruwan nan ya sauko kwata a toshe, ɗakina zai shiga. Gidan nan ne ƙarshen gangare. Ka naɗe tabarmin. Sadakar da yake so ka san ta."

Ta turo faifai ta ƙarƙashin labule. Usur ne a kai, na ƙarfe, da igiyarsa kore wadda ta koɗe. Da shi Saje ya dawo daga yaƙin basasa, da shi da ɗingishi. Kowace Asabar ƙarfe bakwai yakan busa, dogo ɗaya, gajeru biyu, kowane gida ya fito da mutum guda.

"Ni?" in ji Magaji. "Ni da kullum nake makara? Sau nawa ya kira ni kurtun banza a gaban jama'a?"

"Shi ya ce a ba ka. Ya ce kana makara, amma ba ka taɓa fashi ba."

Magaji ya fita tsakiyar layi. Ƙofofi a rufe. Ya ji tsoro kada ya busa a bar shi tsaye shi kaɗai. Ya busa. Ƙarar ta fito kamar kukan ɗan tsako.

Lawan mai faci ya leƙo daga rumfarsa yana dariya. "Baba, wannan ko kaji ba zai tara ba. Cika kumatu!"

Ya cika kumatu. Dogo ɗaya, gajeru biyu.

Ƙofa ta buɗu, wata ma ta buɗu. Lawan ya turo baro. Halima, nas ɗin asibitin koyarwa da ke haya a layin, ta fito da safar hannu da manjagara. 'Yan acaɓa uku da suka zo daga ƙauye bara suka jingine babura. Kafin a ce me, mutum ya kai talatin.

Suka gangara ƙarshen layi. Haka Saje ya koya musu: daga ƙasa ake fara yasa, a buɗe wa ruwa hanya, sannan a hauro. Laka kuma ba ta kwana a bakin kwata, baro ya kwashe ta a ranar.

Aiki ya kankama, baki ma ya buɗe.

"Kun tuna Alhajin da ya zuba shara a kwata?" in ji Lawan. "Saje ya tsame ta tas, ya jera masa a ƙofar gida, ya yi sallama ya ce, 'Alhaji, ga kayanka ka manta.'"

Aka kwashe da dariya.

Halima ta ce, "Ni ranar da na tare ya tsayar da motoci a bakin titi don wata tsohuwa ta tsallaka zuwa asibiti. Har motar wani babban soja. Mutumin ya fito zai yi faɗa, Saje ya ƙame ya sara masa, bai ko sauke ɗaya hannun da ya tare motoci da shi ba sai da tsohuwa ta haye."

"Kabari nawa ya haƙa a maƙabartar Tarauni?" in ji wani. Ba wanda ya san adadi. Aka yi masa addu'a, aka shafa da gwiwar hannu don tafuka duk laka.

Ana cikin haka mota ta tsaya a saman layi. Shamsuddeen ne, sabon kansila, ɗan layin, cikin farar shadda, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya karɓi shebur a hannun wani, ya gyara hula, ya soka a inda shara ta dunƙule ta tare ruwa a bakin titi.

Magaji ya ɗaga murya. "Kai, Shamsu! Kada ka..."

Ya riga ya ɓalle. Ruwan kwana arba'in ya kwararo baƙi ƙirin, ya hau takalmin kansila, ya kai masa ƙauri. Mai hoto ya danna. Ruwan ya gangaro da ƙarfi, mutane suka yi tsalle gefe. Magaji ya juya yana duban ƙofar Uwani. Da yake an riga an buɗe ƙasa, ruwan ya wuce ta gaban gidan, ya faɗa babban lambatu.

Layi ya ɗauki shewa. Lawan har da zama a baro.

Shamsuddeen ya gangaro yana ɗaga wando, shi ma dariyar yake. "Baba, na manta. Wallahi da yana nan da na yi tsallen kwaɗo."

"Ka yi shi kana yaro, bai shiga ba," in ji Magaji. "Riƙe baron nan."

Kansila ya tura baro sahu huɗu. Kafin azahar kwata ta fita tas, ana ganin siminti. Uwani ta aiko da waina da kunu, aka ci a tsaye. Gabas ta fara duhu, iska ta taso mai sanyi, ba wanda ya damu.

Shamsuddeen ya ja Magaji gefe, ya rage murya.

"Baba, na yi magana a sakatariya. Za a sa wa layin nan sunansa."

"Madalla."

"Usur ɗin kuma za mu sa shi a gilashi a sakatariya, da hotonsa cikin kaki, kowa ya shigo ya gani. Leburori za su riƙa zuwa yasa. Yanzu mulkin farar hula ne, Baba, an daina tara mutane da usur."

"Leburorin naka daga ina za su fara?"

Shamsuddeen ya dubi takalminsa. Ya dai miƙa hannu biyu da ladabi.

"Don girmama shi ne, Baba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan shebur. Magaji ya goge usur da bakin rigarsa, ya rataya igiyar a wuya, ya tura shi cikin riga.

"Asabar ƙarfe bakwai, ka zo da tsohon wando," ya ce. "Usur kuwa, ba zan ba ka ba."