Sunan Baba Nazaure

"A tambayi Nafisa," in ji Hajiya Fatsuma daga bayan labule. "Ai 'yata ce ta yi ta zama da shi tana ɗaukar maganarsa."

An riga an yi wa tsohon wanka, an sa shi a likkafani, maza sun cika ƙofar gida. Liman Khalilu na tsaye bakin zaure yana jiran abu biyu: sunan mamacin na yanka, don addu'a, da sunan garinsu, don a ba direbobin tasha saƙo su kai wa danginsa. Duk Zongo ba wanda ya sani. Baba Nazaure ake ce masa, saboda a zauren gidan su Nafisa yake kwana tun ba a haife ta ba.

Kakanta ne ya sauke shi, lokacin Baba yana saurayi mai yankan farce, ba fasfo ba kartidantite, wato katin shaida. A Zongo kuwa ba a tambayar baƙo abin da ya koro shi daga gida. A ba shi tabarma, a ba shi tuwo, shi ke nan. Kakan ya san sunan, ya tafi da shi kabari. Na baya kuma wa zai dubi mai furfura ya ce, "Baba, yaya sunanka?" Ai rashin kunya ne.

Nafisa ce 'yar unguwar da ta samu gurbin karatun dokta a kan haƙƙin baƙin da ba su da takardu, har aka yi mata walima. Da ta tashi fara bincike ba ta wahalar da babur ɗinta ba, ga abin nema a zaurensu.

Ranar hirar farko, da hantsi, ta tarar ya sa rigarsa ta Juma'a, ya share zauren, ya tura tsofaffin takalman da ya koma ɗinkawa ƙarƙashin benci. Ta kunna wayarta ta ajiye a gabansa. Ya gyara murya.

"To, bismilla. Sunan da mahaifina ya raɗa mini..."

"A'a, Baba, dakata," ta ce da sauri. "Ba a kama suna. Ƙa'idar bincike ce, profesa ya ja mana kunne. Don a kare ka ne, kada hukuma ta gano ka."

"Hukumar da ba ta san ina duniya ba?"

"Duk da haka. Za mu ce maka Mani."

"Mani," ya maimaita, kamar mai gwada hular aro. "Garinmu fa?"

"Za mu ce wani ƙauye a gabas."

Ya ce ba laifi, masu ilimi sun fi shi sani. Daga nan ya ba ta komai. Yadda ya tako da ƙafa a shekarar yunwa, yadda yake sauka daga mota ya zagaya ta daji idan an kusa shingen jandarma, yadda tsufa ya hana shi zagayen har ya daina fita unguwa. Ya yi maganar ƙanwarsa da ya bari tana rarrafe. Duk sanda harshensa ya kusa zamewa kan wani suna, sai ya kama bakinsa da kansa ya ce, "Af, na manta doka." Ita kuwa har daɗi take ji, wai ta samu mai ba da labari mai kiyaye ƙa'ida. A kundin bincikenta, babin da ta rubuta a kan Mani shi aka fi yabawa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ta leƙa da kunu wata safiya, tana sauri za ta gabatar da aikinta a jami'a. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Dokta, yau ma ba a kama suna?"

Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin tasa. "Sai na dawo, Baba. Na makara, wallahi."

Ta dawo, ta sake fita, kwanaki suka shige. Yau da asuba aka tarar ya cika.

Yanzu ga ta a bayan labule, mata sun zuba mata ido, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Nafisatu," Liman ya kira a hankali, "rana tana yi. Me ya ce miki?"

Ta so ta ce Mani. Sunan ya zo har bakinta, kuma ba wanda zai musa. Amma ƙarya a kan gawa?

"Ban sani ba, Malam."

"Ba ki tambaye shi ba, duk zaman nan?"

"Ya so ya faɗa. Ni na hana shi."

Mata suka kau da kai. Da zaginta aka yi da ya fi mata sauƙi. Mahaifiyarta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Can Liman ya nisa ya ce, "Allah ya san bawansa. Ku ɗauka." Aka sallace shi a matsayin bawan Allah, ba a aika wa kowa saƙo ba. In ƙanwar tana raye, tana can tana sa ran wata rana zai shigo.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Rafi'u mai walda na bakin layi ya yi sallama. Ya yanko allon ƙarfe irin wanda ake kafawa a kan kabari, ya shafe shi da baƙin fenti, sadaka. Ya tsuguna a ƙofar zaure ya rubuta ranar rasuwa daga ƙasa da farin fenti, ya ɗago kai.

"Dokta, me zan sa a sama?"

Nafisa ta zuba wa allon ido. Rafi'u ya jira har fenti ya fara bushewa a kan burushi. Sai ya jingine allon da bango inda rana za ta same shi, ya ce in an tuna a aiko masa.