Tsimin da Inna ta Ɗauko daga Bodinga

Mutane suna cewa abin da ba ka sani ba ba ya cutar da kai. Wanda ya fara faɗin haka bai je Shagari ranar da gora ta fashe a ɗakin Hajiya Inna ba.

Surajo malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bodinga, mijin Hafsatu ma'aikaciyar asibiti, surukin Hajiya Inna. Wasu maza ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu tattabaru. Shi akwatin gilashi ne gare shi a falo, cike da ruwa da 'yan kifaye, kuma ba kifin suka dame shi ba kamar ciyayin da ya dasa a ƙarƙashin ruwan. Da fari ciyayin sun ƙi, sai rawaya suke yi, har ya gano abin da suka rasa: iskar nan da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda tsiro ke rayuwa da ita. Sai ya haɗa tasa a gida. Ya sami gorar lemo ta roba, ya zuba ruwan ɗumi da sukari da ɗan yis na masu burodi, ya huda murfin, ya zura robar ƙarin ruwa da ya saya a kyamis, ya tsoma ɗaya bakin cikin akwati. Yis ya ci sukari, iska ta bi roba, 'yan kumfa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Ciyayi suka yi kore shar.

Iskar yake so. Ruwan da ke saura in ƙarfin yis ya ragu, tuttular da shi yake a makwarara, ya haɗa sabo. Ya san sunan wannan ruwa sarai, da alli yake rubuta shi a aji. Amma a gidansa "tsohon ruwa" yake ce masa, kamar canza wa kura suna zai hana ta cizo.

Ran wata Juma'a Inna ta zo daga Shagari duba ɗiyarta. Da safe Surajo ya canza gora, ya fito da tsohuwar zai zubar, sai ya tarar Inna ta shimfiɗa tabarma daf da makwarara tana shan hantsi. Wane suruki ne zai tsallake uwar matarsa da gora a hannu? Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ya lallaɓa ya tura gorar bayan ƙofar kicin, ya wuce makaranta.

Bai tuna da ita ba sai washegari da hantsi. Ya duba bayan ƙofa, wayam.

"Hafsatu, ina gorar da na aje nan?"

"Wace gora kuma? Kai da gorunanka."

"Tsohon ruwan ciyayi."

Hafsatu ta tsaya da ludayi a hannu. Jiya da ta dawo aiki ta iske Inna tana barci da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Ta tashi da fara'a, ta ce ta ɗan kurɓi tsimin da ke kicin, ta ji daɗin gwiwarta, za ta tafi da sauran. Da yamma kuwa ta koma Shagari. Hafsatu ta ɗauka jiƙon sabarar da ke kan kantar kicin take nufi.

"Har sukari ta roƙe ni," in ji Hafsatu, muryarta ta yi ƙasa. "Wai abin ya yi tsami. Ta kuma nemi murfi mai kyau, wai nata hudajje ne."

Nan take Surajo ya gane abin da ya faru. Hajiya Inna, wadda ko sahur ba ta taɓa makara ba, ta sha giya a gidansa. Ta kuma ba yis sabon abinci, ta toshe masa hanyar numfashi, ta kai shi ɗaki mai rufin kwano cikin zafin bazara. Suka kira wayarta, a kashe. Ya figi babur ya hau titin Shagari.

Ya makara. Tun daga zaure warin ya tare shi. Tsakar gida cike da maƙwabtan da ƙarar ta jawo. Gorar tana yashe a bakin ɗaki, cikinta a tsage. Kumfa a bango, kumfa a kan gado, kumfa a jikin labule. Inna tana tsaye riƙe da dardumarta da ta zo da ita daga Makka, tana ɗiga.

Babu mai magana sai Tukur, tsohon direban tirela, wanda ya shekara da shekaru yana bin hanyar kudu. Ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Ni dai ban ce komi ba," in ji shi. "Amma warin ga na san shi. Ba a masallaci nis san shi ba."

Mata suka kalli juna. Balaraba, aminiyar Inna, wadda suke zuwa Islamiyya tare, ta matso kusa.

"Hajiya, ina kinka samo abin ga? Faɗi, bakin mutane ya mutu."

Inna ta ƙi faɗi. Surajo ya ga dalili a fuskarta: a zatonta tsimin na Hafsatu ne, a kicin ɗinta ta same shi. Gara sunanta ya ɓaci da ta ambaci ɗiyarta. Kafin la'asar duk Shagari za ta ji an sami giya a ɗakin Hajiya Inna, kuma irin wannan magana ba ta wankuwa da sabulu. Babu wanda ya san daga ina gorar ta fito. Da Surajo ya tsaya a bayan mutane, da ya koma Bodinga da mutuncinsa cif.

Ya tuɓe takalmi, ya ratsa mata, ya durƙusa.

"Tawa ce. Ni na haɗa ta. Inna ba ta san mi ke ciki ba, Hafsatu ma ba ta san ta ɗauka ba."

Ya yi bayanin akwati, da ciyayi, da yis, da iska. Yana yi yana jin yadda maganar ke sauka a kunnen mutane.

"Tsaya, malam," in ji Tukur. "Kana dafa giya don ciyawa ta sha iska?"

"Iskar kawai nike ɗauka. Ruwan zubarwa nike."

"To, mun ga inda ka zubar."

Babu wanda ya yi dariya. Inna ba ta dubi Surajo ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba tun da aka ɗaura aure. Balaraba ta fuskanta.

"Tambaye shi, ya san abin da ruwan ga ka zama?"

"Na sani, Inna."

"Tambaye shi, don mi yab bar shi bayan ƙofa?"

"Kina zaune kusa da makwarara. Na ji kunyar wucewa."

Balaraba ta shiga lallashin Inna, wai wanda ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa, kowane malami zai faɗa mata haka. Inna ta ɗaga mata hannu. Sannan ta juyo ta kalli surukinta ido cikin ido, ta miƙa masa dardumar.

"Surajo, ga rijiya can. Ran da ka sake jin kunyata, ka faɗa min abin da ke hannunka tukuna."

Ya wanke darduma, ya wanke bango, ya fitar da katifa rana, maƙwabta suna kallon malamin sakandare da tsumma a hannu. Da ya koma Bodinga ya zare robar daga akwati. Kumfa suka tsaya. Sannu a hankali ciyayi suka koma rawayarsu, bai kuma sake sayen yis ba. A Shagari ba a ƙara haɗa sunan Inna da maganar ba, sai dai in babur ɗinsa ya shigo gari a ce ga malam mai ciyawa nan.

Da aka kwana biyu Hafsatu ta je gaishe ta, ta tambayi jiki. Inna ta dafa gwiwarta, ta duba ƙofa ko akwai mai ji.

"Kin san abin da yaf fi tada min hankali? Ran nan kaɗai ta bar ciwo."