Makulli a Hannun Mama

Karo na biyu ke nan ƙwayar cuta tana cinye hotunan da ke kwamfutar babana, Radoje. Da na je gida Užice daga Belgrade, inda nake zaune, sai na sake mata tsari: na buɗe masa ƙaramin asusu a cikinta wanda ba ya girka wata manhaja sai da kalmar sirri, ni kuma na riƙe kalmar.

Ransa ya ɓaci. "Dunja, ni za ki mayar baƙo a gidana?"

"Baba, duk abin da ka danna, da ikonka yake shigowa. In komai na hannunka, shi ma komai ya samu. Haka aka gina ta."

"To, ni yaro ne?"

Mama tana gasa tattasai a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, makullin ɗakin cuku fa, a hannun wa yake?"

A hannun Mama yake. Kowa a layinmu ya sani, in ka yabi gashin bakin Baba sai ka fita da kyautar cuku.

Baba ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Kalmar nan, kar ki tafi da ita Belgrade. Ba wa mamanki."