Matar da ke Gefen Hoto

Wata biyu da rasuwar matarsa, Auta ta shigo ɗakin aikinsa ta same shi zaune gaban kwamfuta, bai ko kunna ta ba. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai ke aure kusa da gida.

"Baba, hoton Mama nake so. Yara sun dame ni da tambaya, ni kuma na katin shaida kawai gare ni."

Ya ce ta ba shi zuwa yamma. Abin ma ya so ba shi dariya. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar hoton tsuntsayen daji, mujallu na bugawa, a ce ya rasa na matarsa?

Ya kunna, ya shiga dubawa. Zalɓe, shamuwa, gauraka, agwagin ruwa, dubbai. Da wuya ya fita ba tare da matar tasa ba. Ita ke riƙe jakar kyamara, ita ke fara hango tsuntsu ta taɓa masa kafaɗa. Takan ce ita ce mai idon, shi ɗan danna maɓalli ne kawai. Sau da yawa takan faɗo a gefen hoto, hannu ko bakin mayafi, shi kuwa in ya zo gyara sai ya yanke. Ƙa'idarsa ke nan: a bar wa tsuntsu fili ta inda yake kallo, duk abin da zai ja ido a cire shi. Yana gamawa yake goge na asalin, kada su cika masa wuri.

Yamma ta yi ta wuce, bai samu ko ɗaya ba.

Washegari ya tuna da katin da ke cikin kyamara, na fitarsu ta ƙarshe bakin tafki, wanda bai waiwaya ba tun da aka kwantar da ita asibiti. A hoto na arba'in da wani abu ya gan ta. Zalɓen ya fito tsaf, har ɗigon ruwa a bakinsa. Ita tana can ta dama, zaune kan dutse, dishi-dishi, ta juyo kamar mai magana.

Ya kai hoton shagon da ya saba wanke hotuna. Mai shagon ya yi masa gaisuwa, ya duba, ya ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Mu cire tsuntsun, mu jawo Mama kusa. Akwai manhajar da ke fito da fuska."

Kafin ya ce wani abu, fuska ta bayyana a allon: sumul, kyakkyawa, hancin ba nata ba, babu wushiryar nan tata. Tsohon ya kawar da kai daga allon.

"Ban san wannan matar ba. Mayar min da shi yadda yake."

"Har da tsuntsun?"

"Kada ka taɓa komai."

Da Auta ta zo gida karɓa, ya miƙa mata hoton da aka wanke a cikin ambulan, ta zaro ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan dutsen.

"Me take ce maka a nan?"

Ya sani sarai. Tun da ya fara ganin hoton ya tuna, ya yi ta fatan kada a tambaye shi.

"Cewa ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, mu koma gida. Na ɗaga mata hannu ta yi shiru, kada zalɓen ya tashi."

"Ta jira?"

"Fiye da awa ɗaya."

Auta ta share ido da bayan hannu. "Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinta, Baba. Awa ɗaya ba za ta..."

Ya gyaɗa kai kawai. Ya raka ta bakin titi, ya tsaya har ta samu mota, ta shiga tana rungume da ambulan ɗin. Motar ta sha kwana, shi yana nan tsaye a rana, sai da maƙwabcinsa mai kanti ya fito ya kama hannunsa ya kai shi inuwa.